Muhawara kan Wakanda Forever: wa aka nuna wa yatsa, wa aka yaƙa?

Malam Habu, Ringim:
Assalamu alaikum. Tunda Black Panther: Wakanda Forever ne abin tattaunawarmu na wannan makon, bari in buɗe da abin da ya tsaya mini a rai, kuma wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, domin maganar ba za ta yiwu ba sai an tona labarin. Fim ɗin ya fito a watan Nuwamba na 2022, shekara huɗu bayan na farko, Ryan Coogler ne ya ba da umarni a duka biyun, tsawonsa kuma awa 2 da minti 41. Tun a farkonsa an nuna Sarauniya Ramonda ta Wakanda, ƙagaggiyar ƙasar Afirka da labarin ya ginu a kanta, a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, wakilan Amurka da Faransa suna zargin Wakanda da yi wa duniya rowar ma'adinin bibraniyam, sai ga dakarunta mata sun shigo da wasu sojojin haya a ɗaure, waɗanda aka kama suna ƙoƙarin sace ma'adinin a cibiyar Wakanda da ke ƙasar Mali, aka durƙusar da su a gaban wakiliyar Faransa. Duk ɗan Afirkan da ya ga wannan sai ya gyara zama. Amma daga nan Faransa ta ɓace daga labarin, Amurka kuma aka bar ta da shugabar hukumar leƙen asiri tana barkwanci da tsohon mijinta, sauran fim ɗin gaba ɗaya ya koma yaƙi tsakanin Wakanda da mutanen Talokan na ƙarƙashin teku, waɗanda su ma kakanninsu Mayawa ne da suka gudo daga Turawan Sifaniya da cutar agana da suka kawo musu. Al'umma biyu da mai ƙarfi ya sa a gaba su ne suka yi ta kashe juna, masu neman ma'adinin kuwa ko ƙwarzane ba su samu ba bayan harin farko na cikin teku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganina wannan ne babban aibin fim ɗin, kuma ya fi tsawonsa da duhunsa damuna.

Alhaji Sabo, Maigatari:
Wa alaikumus salam, Malam Habu, Allah ya ƙara sani. Mu da muke bakin iyaka wannan fitowar ta Mali ba tatsuniya ba ce a wurinmu. Daga 1971 an shafe shekaru da dama ana haƙar yuraniyam a Arlit ana kai wa Faransa tana samar da wutar lantarki da shi, alhali ita Nijar ɗin wani kaso mai yawa na wutarta daga Nijeriya take saye. Ka kuma duba lokacin da fim ɗin ya fito. Sojojin Faransa sun gama ficewa daga Mali a watan Agusta na 2022, wata uku kafin fitowarsa, sannan suka bar Burkina Faso a farkon 2023, suka bar Nijar a watan Disamba na wannan shekarar bayan juyin mulkin Yuli. Har ministan tsaron Faransa na lokacin, Sébastien Lecornu, sai da ya fito a watan Fabrairu na 2023 ya yi tir da yadda aka nuna sojojin ƙasarsa a cikin fim ɗin. Idan mintuna kaɗan sun ɓata wa minista rai haka, me kake zato zai faru da an gina fim ɗin dukansa a kan wannan? Kamfanin Disney mai fim ɗin ɗan kasuwa ne, yana da wurin shaƙatawa a kusa da Paris, yana kuma sayar da tikiti a Faransa da Amurka fiye da yadda yake sayarwa a Afirka. Ɗan kasuwa ba ya zagin mai sayen kayansa. Saboda haka ina tare da kai a kan cewa an kauce, amma ban yi mamakin kaucewar ba.

Malama Hadiza, Birnin Kudu:
Malam Habu, da kai da Alhaji kun auna fim ɗin da ma'aunin siyasa, ni kuwa ina ganin ba don wannan aka yi shi ba. Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Sarki T'Challa, ya rasu ranar 28 ga Agusta, 2020, yana da shekara 43, bayan ya yi shekara huɗu yana fama da sankarar hanji ba tare da duniya ta sani ba, kuma a cikin jinyar nan ya yi fim ɗin farko. An riga an rubuta labarin na biyu da shi a tsakiya, dole aka warware aka sake. Abin da ya fito daga wannan sakewar zaman makoki ne da aka yi a gaban kyamara, shi ya sa aka buɗe da Shuri, ƙanwar T'Challa, a ɗakin bincike tana rige-rige da ajalin yayanta, tana ƙoƙarin haɗa maganin da ba ta samu nasarar haɗawa ba sai bayan ya cika. Ni da nake aikin jinya na san wannan fuskar. Na sha ganin 'yar uwar majinyaci ta fita neman jini ko kuɗin allura, ta dawo ta tarar an ja mayafi an rufe fuska, kuma mafi yawanci ba kuka take fara yi ba, tsayawa take yi da ledar magani a hannu tana neman wanda za ta ɗora wa laifi, in ba ta samu ba ta ɗora wa kanta. Shuri ke nan daga farkon fim zuwa ƙarshensa. Abokin gabarta na gaskiya fushin da ke cikinta ne, Namor, sarkin Talokan, kuwa an kawo shi ne don ta ga yadda mutum yake zama idan ya riƙe irin wannan fushin ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa da ta sha maganin ta je duniyar magabata ba mahaifiyarta Ramonda da ta rasu ta gani ba, Killmonger ta gani, mutumin da ɗaukar fansa ta halaka a fim ɗin farko.

Malam Habu, Ringim:
Malama, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa ba, kuma fitowar da Ramonda ta tuɓe Okoye daga muƙaminta na janar, tana tuna wa 'yan majalisa cewa ta rasa miji ta rasa ɗa yanzu kuma an tafi da 'yarta, ita ce mafi ƙarfi a fim ɗin. Ba banza Angela Bassett ta samu kyautar Golden Globe a kanta ba, har aka sa sunanta a takarar Oscar. Tambayata ita ce, me zai hana wannan makokin ya gudana alhali abokin gaba shi ne wanda aka nuna mana tun farko? Fushin Shuri zai fi samun hujja, kuma haƙurinta a ƙarshe zai fi tsada.

Nura, Gaya:
Yaya Habu, ina neman izini in kawo maganar ta ɓangaren masu kallo na wajenmu, tunda sana'ata ce cajin waya da tura fina-finai a memori. Kwafin da ya fara zuwa hannunmu a ƙarshen 2022 na cikin silima ne, wanda aka ɗauka da kyamara, kuma ƙasan allon a yanke yake, wato babu rubutun fassara. To wannan fim ne da ake magana da harshen Xhosa na Afirka ta Kudu, da harshen Maya, da Faransanci, da Sifaniyanci, ban da Turanci. Mutum zai ga Namor yana magana da mutanensa bai san me ake ƙullawa ba. Ga kuma duhu. Duk fitowar da aka yi a ƙarƙashin ruwa, in a waya kake kallo da rana, fuskarka kawai za ka gani a gilashin, har sai ka shige ɗaki ka rufe taga ka ƙure hasken waya, batir kuma ya tafi kafin a kai rabi. Samarin da suka saya da yawa sun dawo suna ƙorafi iri ɗaya, cewa sunan fim Black Panther amma ba a ga mai rigar damisar ba sai a kashi na ƙarshe. Sun saba da fina-finan Marvel da ake faɗa duk bayan 'yan mintuna, sai suka tarar da jana'iza da dogon zance. Da kwafi mai kyau ya zo a 2023 wasu sun sake kallo ra'ayinsu ya sassauta, amma a shagona na farkon ne har yau aka fi nema, kuma haka abin yake a duniya, domin na 2018 ya tara sama da dala biliyan 1.3, wannan kuwa ya tsaya a sama da dala miliyan 850.

Malam Isa, Wudil:
Ƙorafin samarin Nura yana da tushe, kuma shi ne ya kai ni ga abin da nake so in ce. Kuskuren an yi shi tun watan Disamba na 2020, lokacin da shugaban Marvel Studios, Kevin Feige, ya sanar cewa ba za a ba wani ɗan wasa matsayin T'Challa ba. Na fahimci alhinin da ya sa aka yi haka, amma T'Challa ya girmi Boseman, tun 1966 yake cikin littattafan zane. Mutum uku ne suka fito a Spider-Man a manyan fina-finai daga 2002 zuwa yau. A cikin Marvel ɗin kanta an sauya mai fitowa a Hulk, kuma da William Hurt ya rasu a 2022 sai aka ba Harrison Ford matsayinsa, labari ya ci gaba. Sai baƙar fata guda da yaran Afirka suka samu a matsayin sarki mai hankali da dattaku, shi ne aka binne tare da wanda ya fito a madadinsa. Na san wani zai kawo mini misalin marigayi Rabilu Musa na nan Ɗanlasan, wanda tun da ya rasu a watan Disamba na 2014 ba wanda ya iya ɗaukar sunan Ibro ya zauna masa. Amma shi Ibro shi ya ƙagi kansa, muryarsa da tafiyarsa da hularsa duk nasa ne. T'Challa kuwa riga ce da aka ɗinka tun kafin a haifi mai sawa.

Malama Hadiza, Birnin Kudu:
Malam Isa, ka tuna cewa waɗanda za su tsaya a gaban sabon ɗan wasan su kira shi yaya ko ɗa su ne mutanen da suka yi aiki da mamacin ba su ma san yana ciwo ba. Shekara biyu ba ta isa a nemi haka daga gare su ba. Kuma ba a kashe sunan ba, tunda an nuna ɗansa a ƙarshe.

Usaini, Auyo:
Ina gaida manya. Ni manomin shinkafa ne, kuma abin da zan yi magana a kai shi ne ruwa. Fim ɗin nan ya fito ne wata biyu bayan ambaliyar 2022, lokacin da kogin Haɗeja ya ɓalle ya shafe gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Miga da Ringim da sauran garuruwan bakin kogi, har ya zama sai da kwalekwale ake shiga wasu ƙauyukan. Saboda haka fitowar da Namor ya tura ruwa cikin babban birnin Wakanda, mutane suna gudu da yara a kafaɗa, ruwa yana bin lungu yana ɗebe rumfunan kasuwa, na kalle ta da idon wanda ya sani. Sun yi daidai a abu guda, wato da ruwa ya ci gari sai aka kwashe jama'a zuwa tudu wurin ƙabilar Jabari, waɗanda a da ba a ga maciji da su, shugabansu M'Baku kuma ya karɓe su. Haka abin yake, ranar ambaliya wanda yake kan jigawa shi ne babba ko da kun yi shekaru ba ku gaisa. Inda suka gaza shi ne bayan ruwan. Ambaliya ba ranar da ta zo take kashe mutum ba, a makonnin da ke biye ne, lokacin da rumbu ya jiƙe hatsi ya tsiro a ciki, rijiya ta gurɓace, sauro da amai da gudawa suka shigo, katangar ƙasa ta riƙa zubewa cikin dare. A fim ɗin an binne sarauniya, aka shiga ƙera sabbin sulke, shi ke nan. Sannan ina da tambaya ga masu ilimi. Ƙasar da take da jiragen sama da babu irinsu a duniya, me ya kai ta ɗibar dakarunta ta zuba a jirgin ruwa guda ta je tsakiyar teku ta yaƙi mutanen da a ruwa suke numfashi?

Malam Habu, Ringim:
Usaini, Allah ya mayar da alheri, mu ma nan ba mu tsira ba a shekarar. Amsar da fim ɗin ya bayar ita ce jirgin tarko ne, an je ne a janyo Namor ya fito a kama shi a busar da jikinsa da zafi, tunda daga ruwa yake samun ƙarfi. Amma tarkon da aka sa rabin rundunar ƙasa a matsayin abincinsa ba dabara ba ce, kuma da Shuri ta yi jinkiri kaɗan da an gama da su a kan jirgin. Wanda ya fi kowa hankali a majalisar shi ne M'Baku, da ya ce kashe mutumin da jama'arsa suke ɗauka abin bauta yaƙi ne da ba zai ƙare ba.

Malam Lawan, Gumel:
Tunda an ambaci bauta, ina so in ja hankalin iyaye a taƙaice. Fim ɗin yana buɗewa da roƙon wata abar bauta mai suna Bast, akwai ganawa da matattu, akwai jana'iza da kaɗe-kaɗe da rawa cikin fararen kaya, akwai ƙona tufafin makoki bayan shekara guda. Babba ya san ƙagaggen labari ne, yaro kuwa yana buƙatar wanda zai zauna kusa da shi ya bambance masa. Abin da na ga ya dace a tsaya a kai tare da yara shi ne halin Shuri, yarinyar da iliminta ya sa ta ɗauka babu abin da zai gagare ta, sai mutuwa ta zo ta kasa karɓar ƙaddara, rashin karɓar kuma ya kusa jefa ƙasa biyu cikin halaka.

Zainab, Kiyawa:
Baba Malam Lawan ya yi gaskiya. Ni kuma ina so in koma kan maganar Malam Habu, domin ina ganin Faransa ba ta ɓace kamar yadda ya ce ba. A ina aka rufe fim ɗin? A Haiti, ƙasar da bayi suka kori Faransa suka kafa a 1804, wadda a 1825 aka tilasta mata biyan diyyar faran miliyan 150 ga waɗanda suka bautar da ita. Ɗan T'Challa da mahaifiyarsa Nakia ta ɓoye kuma sunansa na can Toussaint, sunan jagoran wannan tawayen. Coogler bai zaɓi wurin da sunan da ka ba. Ga kuma maganar da Namor ya yi wa 'yar uwarsa Namora a kogo a ƙarshe, cewa ya yi saranda ne domin ya san duniya za ta juyo kan Wakanda, ranar nan kuwa ba ta da wanda za ta nema sai Talokan. Wato shi kansa fim ɗin ya san yaƙin da aka yi ba shi ne na gaskiya ba. Kuma haɗa waɗanda aka zalunta faɗa da juna ai shi ne tarihin mulkin mallaka, sojojin da Lugga ya ci Kano da su a 1903 mafi yawansu baƙaƙe ne, da Hausawa a ciki.

Nawa ƙorafin daban ne. An yi bikin nuna fim ɗin a Legas, Tems tana cikin waɗanda suka rubuta waƙar da Rihanna ta rera, akwai Burna Boy da Rema da Fireboy DML a cikin waƙoƙinsa, duk abin alfahari ne. Amma mu Arewa sau ɗaya aka ambaci wani wuri namu a fina-finan biyu, shi ne dajin Sambisa a na 2018, da 'yan bindiga da matan da aka sace. Alhali ƙabilar fatake ta Wakanda shigar Buzaye aka yi mata, shuɗin yadi da rawani, kuma kowa a nan ya san turkuɗin da Buzaye suke naɗawa a Kura ake rina shi a buga shi har ya yi ƙyalli. Ruth Carter ta ci Oscar sau biyu, a 2019 da 2023, da ɗinkin kayan fina-finan nan. An ɗauki adonmu an bar sunanmu, inda aka kira sunan kuma ba wurin alheri ba ne.

Alhaji Sabo, Maigatari:
'Yata Zainab, Allah ya yi miki albarka, maganar turkuɗi gaskiya ce, har yanzu Buzaye suna tambayar ɗan Kura a kasuwarmu ta ranar Alhamis. Amma game da Haiti, a wajenmu 'yan kasuwa alkawarin biya gobe ba biya ba ne. Sunan yaro da maganar da aka yi a kogo duk bashi ne aka ɗauka a kan fim na gaba.

Malam Habu, Ringim:
Zainab, hujjarki ta Haiti mai ƙarfi ce, na kuma yarda an sa ta da gangan. Sai dai ki lura cewa sunan yaron an ajiye shi ne bayan an fara jero sunayen ma'aikata, inda mai kallo a waya ya riga ya kashe, kuma sai wanda ya karanta tarihi zai gane shi. Yaƙin Wakanda da Talokan kuwa kowa ya gan shi da idonsa. Misalinki na 1903 ma yana da bambanci, domin a can akwai Bature a tsaye yana ba da oda, a nan kuwa ba wanda ya zuga Namor, shi ya zo da kansa ya ce a ba shi ɗalibar nan Riri Williams, wadda ta ƙera na'urar gano bibraniyam, ya kashe, in an ƙi ya ci Wakanda da yaƙi. Marubutan sun ɗora masa laifin duka, suka wanke waɗanda suka ɗauki na'urar yarinyar suka kai teku.

Malam Isa, Wudil:
Ni yaron nan ma wata rigimar nake hangowa a tattare da shi. A ƙarshen fim Shuri ba ta je wurin naɗi ba, M'Baku ne ya sauko daga jirgi ya ce yana neman sarauta, kuma ba a nuna wanda ya ja da shi ba. Ke nan gadon mulki ya bar gidan T'Chaka, mahaifin T'Challa, ya koma hannun Jabari, rigar damisa tana hannun Shuri, ga kuma ɗan sarki na cikinsa ana renonsa a wata ƙasa ba tare da masu zaɓen sarki sun san da shi ba. Mu mutanen Kano ba sai an yi mana bayanin abin da ke biyo bayan irin wannan ba, tun daga yaƙin basasar Tukur da Yusufu na 1893. Idan yaron ya girma ya dawo, M'Baku zai sauka ne don an ce masa ga ɗan T'Challa, ko sai an koma bakin ruwan da ake naɗin sarki an gwada ƙarfi kamar yadda al'adarsu ta tanada? Malama Hadiza ta ce ba a kashe sunan ba, na yarda, amma yaron bai wuce shekara shida ba, kuma kafin ya isa riƙe mashi sai an tsallake shekaru da yawa a labarin, sannan a nemo babban ɗan wasa a kira shi T'Challa, wato abin da aka ƙi yi a 2020.